Ƙaramin haɗarin babur: Zauren mai gari ko ofishin lauya?



Duk wanda ya san ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ya san babur ne ƙafar talaka. Shi ke ɗauko mai naƙuda daga Farin Dutse cikin dare ya kai ta asibiti, shi ke kai buhun riɗi da na gero kasuwar Sara, shi ke kai malamin firamare makarantarsa a Fagam ko Kila ko Basirka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci da dama ma sun jingine su sun koma kan Boxer. Inda babura suka yawaita kuwa, karo ba ya ƙarewa. Ban da manyan haɗurran da ake ji a rediyo, akwai ƙanana da ke faruwa kullum ba wanda ya rubuta su: mota ta gogi babur a kwana, ɗan acaɓa ya kauce wa akuya ya zubar da fasinja, babura biyu sun yi taho-mu-gama a kan hanyar burji, wani ya ƙuje gwiwa, wani salansa ta ƙona shi.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Jama'a su taru, a ɗaga baburan, a karkaɗe wa waɗanda suka faɗi ƙura, sai wani dattijo ya ce, "A yi haƙuri, tsautsayi ne, tunda Allah Ya tsare rai ai shi ke nan." A yi musabaha a watse. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa, kuma ta ƙare da kyau. Wani lokaci kuwa, bayan mako biyu sai ga ƙafa ta kumbura, likita ya ce akwai tsagewar ƙashi, makanike ya kawo lissafin da ya fi ƙarfin aljihu, wanda ya yi bugun kuma ya ce ai an riga an yafe a gaban shaidu. A nan ne tambayar wannan mako take tasowa: mutum ya nemi lauya ne, ko ya koma zauren mai gari?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mafi yawan ƙananan haɗurran babur ba sa buƙatar lauya, sulhu ya ishe su, kuma ya fi arha da sauri da kiyaye mutunci. Amma akwai wasu 'yan yanayi da rashin lauya a cikinsu kan jawo asarar da ba ta gyaruwa. Babban kuskuren da ake yi shi ne yanke hukunci a bakin titi, a ranar farko, jiki na ɗauke da zafin faɗuwa, jama'a na matsa lamba. Sannan a bambanta abu biyu da mutane ke cakuɗawa: neman shawarar lauya na awa guda daban, ɗaukarsa ya shigar da ƙara daban. Na farkon kamar zuwa wurin likita ne a auna ka, na biyun kamar yarda ne a yi maka tiyata.

Mu fara da kalmar "ƙarami" kanta. Wa ke da ikon cewa haɗari ƙarami ne? Jama'ar da suka taru suna kallon babur da jinin da ya fito, alhali mugun rauni sau da yawa a ɓoye yake. Wanda ya bugu a ka zai iya tashi ya yi magana garau, jini na taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa a hankali, sai bayan sa'o'i ya fara amai da ciwon kai da magagi. Wanda hannun babur ya dake shi a gefen ciki na hagu, saifarsa na iya fashewa ba tare da ko ƙwarzane a fata ba. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu da kan karye idan mutum ya dafa ƙasa yayin faɗuwa, wanda wani lokaci hoton farko ba ya nuna karayarsa sai an sake ɗauka bayan kwanaki. Ƙujewar da ƙasa ta shiga kuma tana iya kawo sandarewar jiki idan ba a yi allurar rigakafinta ba. Hausawa sun ce jiki magayi, amma ba kullum yake faɗa a ranar ba.

Saboda haka matakin farko, kafin lauya da kafin mai gari, shi ne asibiti. Mutanen wannan yanki sun yi sa'ar samun Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan abin ya yi tsanani. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, don haka kada tsoron a ce sai an zo da ɗan sanda ya zaunar da mai rauni a gida. Masu ɗori na gargajiya suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma a sani ɗaurin da ya matse ƙwarai yana iya tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, kuma mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, wanda shi ne ginshiƙin kowace irin da'awa daga baya, a zaure ko a kotu.

Abin sha'awa shi ne malamanmu na fiƙihu sun riga mu gane wannan tun fiye da shekara dubu. A Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda babu garin da ba a karanta ta a zaure a ƙasar nan, an kafa ƙa'ida cewa ba a ƙayyade diyyar rauni sai bayan ya warke. Hikimar a fili take: sai ciwo ya tsaya a kan iyakarsa ake sanin ko ya bar nakasa ko bai bari ba. Wanda ya ce "na yafe duniya da lahira" a bakin titi, ya yafe abin da bai san girmansa ba. Ya fi kyau ya ce, "Ba ni da niyyar rigima, amma a bari likita ya duba, mu zauna bayan kwana kaɗan." Wannan magana ba ta ɓata zumunci, kuma tana barin ƙofa a buɗe.

Kalmar "tsautsayi" ma tana buƙatar a duba ta. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma imani da ƙaddara wajibi ne. Sai dai shari'ar Musulunci ba ta ɗauki ƙaddara a matsayin abin da ke sauke lamuni ba. Risalar dai ta bayyana cewa mai hawan dabba da mai janta da mai korarta duk suna da lamunin abin da ta taka. A wannan zamani, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Brunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma haɗurran ababen hawa suna bin hukunce-hukuncen laifukan jini da ɓarnar dukiya, galibinsu a babin kuskure. Ma'ana, wanda ya buge ka ba da gangan ba, ba shi da zunubin mai ganganci, amma gyaran abin da ya ɓata yana wuyansa. Yafewa falala ce ga mai haƙƙi idan ya ga dama, ba dole ba ce da taron jama'a za su ɗora masa.

Malamai ba su bar abin a duhu ba, sun auna shi. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya ko ido ɗaya rabin haka ne. Yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5, raunin ka ko fuska da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusar da shi raƙuma 15. Raunin da ba shi da ƙayyadadden kaso, alƙali ne ke ƙiyasta shi gwargwadon nakasar da ya bari. A mazhabar Malikiyya, abin da ya kai sulusin diyya dangin mai laifi ne ke haɗuwa su biya, abin da bai kai ba daga aljihunsa yake fita. Wasu manyan malaman mazhabar, irin su Ibnu Arafa na Tunis, sun fifita cewa a raunin da ba shi da ƙayyadadden kaso, mai laifi ya biya ladan likita da kuɗin magani. Duk wanda ya san farashin raƙumi a yau zai gane cewa haƙorin da ya fita a haɗarin da ake kira ƙarami, a ma'aunin shari'a ba ƙaramin abu ba ne.

A ɓangaren dokar da muka gada daga Ingila, wadda manyan kotunanmu ke aiki da ita, abin da ake nema shi ne sakaci. Tushenta wata shari'a ce ta 1932, ta wata mata a Sukotlan da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo, inda alƙalai suka kafa cewa kowa yana da nauyin kiyaye duk wanda aikinsa zai iya cutarwa. Mai ƙara sai ya tabbatar da cewa akwai wannan nauyi a kan wanda yake ƙara, an yi sakaci da shi, kuma sakacin ne ya jawo masa asara. Sannan kotu tana raba laifi. Idan kai ma ka taimaka wajen cutar da kanka, za a rage abin da za a ba ka. A farkon shekarun 1970 wata kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta rage wa wani mai babur kashi 15 cikin 100 na diyyarsa saboda bai sa hular kwano ba, duk da cewa mai motar ne ya jawo karon. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano tun ranar 1 ga Janairu, 2009. Mai babur da ya ɗauki mutum uku, ba lasisi, ba hula, ba lamba, ya yi tunani sau biyu kafin ya nufi kotu, domin takardunsa ne za a fara tambaya.

Ko sulhu za a yi ko shari'a, hujja ce ke magana. Wayar da ke aljihunka ta isa ta ɗauki hoton yadda ababen hawan suka tsaya kafin a janye su, da lambar motar, da alamar birki a ƙasa, da raunin kansa. A karɓi suna da lambar wayar mutum biyu da suka gani da idonsu, musamman idan a babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Jihar Bauchi ne, inda direba zai iya wucewa ba a sake ganinsa ba. Idan akwai rauni, a sanar da 'yan sanda ko a kira jami'an kiyaye haɗurra a lambarsu ta kyauta, 122, don a sami rahoto a rubuce. A adana katin asibiti da hoton ƙashi da kowane rasit, har na makanike da na mai sayar da kayan gyara. Kotunanmu sun sha nanata cewa asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin magani da na gyara, sai an jero ta dalla-dalla an kuma tabbatar da ita. Abin da ba shi da rasit, wuya ne a ƙwato shi.

To, yaushe ne lauya ba shi da amfani? Idan ɓarnar ta tsaya a kan fitila da madubi da lanƙwasar ƙafar birki, likita ya duba ya ce ƙujewa ce kawai, wanda ya yi bugun kuma sananne ne a gari bai musanta ba, zuwa kotu neman gira ne da zai iya kai ga rasa ido. A yi lissafi: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin lauya, kuɗin mota daga Farin Dutse zuwa inda kotu take a duk ranar zama, tare da shaidu da za ka ɗauki nauyin zuwansu, ga ɗage zama da kan kai watanni, ga ranakun da babur ɗinka ba ya nema. Idan an tara wannan duka, sau da yawa ya ninka kuɗin gyaran. Ko an yi nasara ma, takardar hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Idan wanda aka ci shi a shari'a ba shi da komai sai babur ɗin da ake bin sa bashi a kai, me za a ƙwace? A irin wannan hali mai unguwa da dagaci da limami da shugaban 'yan acaɓa sun fi kowane lauya iya kashe wutar.

Amma sulhu ma yana da ladubbansa, kuma a nan muke yawan sakaci. Sulhun da aka yi da baki kawai, shi ne ke dawowa rigima bayan wata uku. A rubuta shi, da Hausar boko ko da ajami, a sa rana da sunaye, a faɗi abin da kowa ya ɗauka: nawa ne kuɗin gyara, wane makanike zai yi, nawa aka kashe a asibiti, yaushe za a biya, sau nawa. A ƙara jimla guda mai muhimmanci, cewa idan likita ya gano wani rauni daga wannan haɗari cikin wani wa'adi da aka amince, za a sake zama. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ce, a tuna masa da wannan.

Yanayi na farko da ya kamata a nemi lauya shi ne idan raunin ya nuna alamar zai daɗe ko zai bar nakasa: karayar da ke buƙatar a sa ƙarfe, yatsan da ba ya lanƙwasawa, ciwon kan da ya ƙi tafiya, ido da ya rage gani. A nan lissafin ya wuce kuɗin da aka kashe jiya. Akwai maganin gobe, akwai daminar da manomi zai rasa, akwai sana'ar da tela ko magini ba zai iya komawa ba. Dattawan zaure, da kyakkyawar niyyarsu, sukan tsaya a kan "a biya masa kuɗin asibiti", su manta da shekarun da ke gaba. Lauya ko malamin da ya ƙware a wannan babi shi ne zai faɗa maka abin da haƙƙinka ya kai, da kuma kotun da ta dace da shi, ta shari'ar Musulunci ko babbar kotu. Bayan ka sani, in ka ga dama ka rage, in ka ga dama ka yafe, ladanka ya fi cika domin ka san abin da ka bari.

Na biyu, idan motar gwamnati ce ta buge ka, ta ma'aikata ko ta ƙaramar hukuma ko ta jami'an tsaro. Akwai tsohuwar doka mai suna Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ce ƙarar da ake yi wa jami'i kan abin da ya aikata a bakin aikinsa sai a shigar da ita cikin wata uku. Wasu hukumomin kuma dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce tukuna kafin a kai su kotu. Wata uku ba komai ba ne ga wanda ke kwance yana jinya, ana ta ce masa "Oga ya yi tafiya, ka dawo mako mai zuwa." Ranar da wa'adin ya cika, lauyan hukuma zai tashi ya ce lokaci ya ƙure, kotu kuma ta kori ƙarar ba tare da ta saurari ko wa ke da gaskiya ba. Dokar tana da wasu togace-togace, amma lauya ne ya san su. Ko ba gwamnati ba ce ma, kowace ƙara tana da wa'adinta a doka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, idan abin hawan na kamfani ne, ko kuma maganar inshora ta shigo. Doka ta daɗe da wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ci gaba da wannan wajibci. A jadawalin da hukumar NAICOM ta fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, ƙaramar motar gida tana biyan Naira 15,000 a shekara, kamfanin inshora kuma ya ɗauki nauyin ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 3. Ke nan idan mota mai inshorar gaske ta murƙushe maka babur, akwai inda kuɗin gyara zai fito ba daga aljihun direba ba. Sai dai kamfanoni suna aiki da takardu da wa'adi da Turanci, suna kuma da lauyoyinsu. Idan aka miƙo maka takardar da za ka sa hannu cewa ka karɓi kaza kuma ba ka da sauran magana, kada ka dangwala sai wanda ya san doka ya karanta maka.

Masu babura su ma su dubi kansu a nan. A wancan jadawali, inshorar babur Naira 3,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 1, ta Keke Napep kuma Naira 5,000, tana ɗaukar har miliyan 2. Rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tilasta wannan doka a duk ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025. Ɗan acaɓar da ya gogi ƙofar motar wani mai hali, wannan 'yar takarda ce za ta iya tsayawa tsakaninsa da sayar da babur ɗinsa. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, waɗanda ake saye don nuna wa jami'ai a shinge kawai. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID, inda ake sa lambar abin hawa a ga ko inshorarsa ta gaske ce. Wanda kuma yake da damuwa ta addini game da inshora, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke aiki bisa tsarin Musulunci.

Na huɗu, idan maganar ta koma ta tsarewa. Haɗarin hanya yana iya zama laifi idan akwai tuƙin ganganci, kuma 'yan sanda suna da hurumin bincike. Amma akwai iyaka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba ce, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato a tsare uba ko wa don ɗa ko ƙane ya gudu. Beli kyauta ne a doka. Idan an tsare mutum ko babur ɗinsa ana cewa sai ya biya mai mota kuɗin da bai yarda da su ba, ko an ce za a gurfanar da shi, to lokacin lauya ya yi, kuma wasiƙa guda daga ofishinsa takan sauya yadda ake magana.

Na biyar, idan ba a san wanda zai biya ba, ko mai raunin yaro ne. Baburan haya da yawa ba na masu tuƙa su ba ne. Wani yana kawo balas kullum ga mai babur, wani yana biya kaɗan-kaɗan har ya mallaka. A doka, maigida yana ɗaukar alhakin sakacin yaronsa idan a bakin aikin da ya sa shi ne, amma ko mai kawo balas yaron gida ne ko mai cin gashin kansa, wannan tambaya ce da ke buƙatar a duba yarjejeniyarsu. Game da yaro kuwa, diyyar rauninsa dukiyarsa ce, kuma malamai sun ce waliyyi ba shi da ikon ya yafe dukiyar ƙaramin yaro haka kawai ba tare da wata maslaha ga yaron ba. Uban da ya ce ya yafe karayar ɗansa don kunyar maƙwabci, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana talaka ko tunkarar ofishin lauya. Mutane da yawa ba su san da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ba, wadda aka kafa tun 1976, take aiki yanzu da dokar 2011, kuma take da ofishi a Dutse kamar sauran manyan biranen jihohi. An kafa ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024, kuma neman diyyar haɗari yana cikin ayyukan da dokarta ta lissafa. Ga wanda zai ɗauki lauya mai zaman kansa, akwai umarnin 2023 da ya tsara mafi ƙarancin ladan lauyoyi, don haka a tambayi kuɗin shawara tun kafin a zauna. Ƙa'idojin aikin lauya sun kuma yarda, a shari'ar neman haƙƙi, a yi yarjejeniyar cewa lauya zai ɗauki wani kaso ne daga abin da aka samu, kamar yadda aka saba a Amurka, inda kason kan kai sulusi. Kowace iri aka zaɓa, a rubuta ta, a kuma fayyace wa zai biya kuɗin kotu da na zirga-zirga.

A kuma yi hattara da wanda ake ɗauka. Lauyan gaske yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai ɗauke da sunansa, wanda yake mannawa a kan takardun da ya rubuta. Ƙa'idojin aikinsu sun hana lauya bin masu rauni yana neman su ba shi shari'a, saboda haka wanda ya tare ka a harabar asibiti ko ƙofar caji ofis yana yi maka alƙawarin miliyoyi, ka yi nesa da shi. Lauyan kirki zai tambaye ka takardu kafin ya faɗi adadi, zai gaya maka raunin da'awarka kamar yadda zai gaya maka ƙarfinta, kuma ba zai ji nauyin ce maka "wannan ba ta kai a je kotu ba, koma ku sasanta" ba.

Na san akwai masu cewa duk wanda ya kira lauya a kan ɗan garinsu ya yanke zumunci, kuma lauya mai mayar da ƙarya gaskiya ne. Wannan tsoro yana da tarihi. A zamanin En'e doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, hanin ya ci gaba a kotunan yanki, sai bayan zuwan kundin tsarin mulkin 1979 manyan kotuna suka fara rushe shi. Kakanninmu sun saba mutum ya tsaya gaban alƙali da bakinsa, don haka suka ɗauki lauya baƙon abu. Amma wakilci a shari'a yana da babinsa a littattafan fiƙihu, har da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim da alƙalanmu ke ji da ita, kamar yadda sulhu yake da nasa babin. Abin da ke yanke zumunci a gaskiya shi ne a tilasta wa mai rauni ya haɗiye haƙƙinsa, ya riƙa ɗingishi yana ganin wanda ya nakasa shi yana wucewa kullum. Irin wannan ƙullin yakan kai har ga 'ya'ya.

Kirana ga hakimai da dagatan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, da masarautar Dutse da suke ƙarƙashinta, shi ne su mai da al'ada cewa ba a rufe sulhun haɗari sai an ga takardar likita, kuma a rubuta shi. Shugabannin 'yan acaɓa su tara membobinsu su yi inshorar gaske a ƙungiyance, su kuma ajiye lambar lauya guda da za a kira idan an tsare ɗayansu. Reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Dutse da Hukumar Agajin Shari'a su riƙa fitowa ƙauyuka ranakun kasuwa suna wayar da kai da Hausa, domin mutumin Farin Dutse ba zai nemi abin da bai san da shi ba. Kai kuma mai karatu, ka sa hular kwano, ka gyara takardunka, idan tsautsayi ya gitta ka fara da asibiti, ka jinkirta kalmar yafiya har jiki ya gama bayani.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.